Jerin Taylor na x/(eˣ − 1) ya haukace a x = 7

Hafsat_lissafi:
Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka mini. A SymPy (manhajar lissafi ta Python) na rubuta series(x/(exp(x)-1), x, 0, 10), ya ba ni jerin Taylor ɗinsa, wato jimillar gaɓoɓin da ke kusantar fankshin ɗin: 1 − x/2 + x²/12 − x⁴/720 + x⁶/30240 − x⁸/1209600. Na cire O ɗin (alamar ragowar gaɓoɓi da ke ƙarshen jerin) da removeO(), na sa x = 1, amsa ta fito daidai. Amma a x = 7 amsar gaskiya kusan 0.0064 ce, jerin kuwa duk ƙara masa tsawo da na yi sai ya ƙara nisa da ita. Fankshin ɗin lafiyarsa lau a kan layin lambobi na yau da kullum, babu inda ya fashe. Shin SymPy ne ke da matsala?

Malam_Tsoho:
Wa alaikumus salam. SymPy ba shi da laifi, Malama Hafsat. Kina kallon layi ne, shi kuwa jerin yana kallon fili gaba ɗaya, har da lambobi masu i (wato √−1). Ki sa x = 2πi, za ki ga eˣ ya zama 1, ƙasan kason ya koma sifili. Nan ne fankshin ya fashe, da kuma −2πi. Jerin da aka ɗora a kan 0 ba ya aiki sai cikin da'irar da ta tsaya a wurin fashewa mafi kusa, wato nisan 2π, kusan 6.283. Bakwai ta fita waje. Ko a x = 6, da ke ciki, tafiyar hawainiya yake yi: gaɓar x¹⁰⁰ har yanzu girmanta kusan 0.02 ne. Idan 7 kike so, ki ɗora jerin a kan 7. Daga can zuwa 2πi nisan ya kai kusan 9.4, kin samu fili.

dan_PARI:
Gaskiyar Malam ce. Sai dai idan dogon jeri kike so, series na SymPy yana jan ƙafa sosai. Lambobin Bernoulli ne ke gaban kowace gaɓa, bernoulli(n)/factorial(n) ya wadatar. Ki kula fa: tun sigar 1.12, bernoulli(1) yana ba da +1/2, ke kuma −1/2 kike buƙata a nan.

Hafsat_lissafi:
Na gode, Malam, Allah ya ƙara basira. Na ɗora a kan 7, ya zauna. To log(1+x) fa, da ba kaso ba ne, a ina da'irarsa take tsayawa?