Rigimar Abreu a zauren fantasi: wa aka kira tsoho?

Hira ce daga farkon kakar ƙwallon baseball ta Amurka ta 2024, a zauren masu gasar fantasi, inda kowa ke zaɓar 'yan wasa na gaske a waya ana ba shi maki gwargwadon yadda suka taka.

Mai Tasi: Salamu alaikum jama'a. Ni fa José Abreu ya gama da ni a fantasin bana. Sau 71 ya tsaya da sanda, bugu 7 kacal ya samu, matsakaicinsa .099, hom-ran (bugun da ke fitar da ƙwallo waje da fili) ko ɗaya babu. Yanzu ƙungiyarsa Astros ta Houston ta tura shi sansaninta na West Palm Beach a Florida wai ya je ya gyara hannu. Tun Afrilu nake kwana a ƙasan tebur saboda tsohon nan. In sake shi ne ko in ci gaba da ajiyarsa? Kuma wanda ya zuga ni na ɗauke shi ranar zaɓe ya san kansa.

Kawu: Wa'alaikumussalam. Wane ne tsoho?

Mai Tasi: Abreu mana, Kawu.

Kawu: An haife shi a Janairun 1987. Shekara 37 ke nan. In mai 37 tsoho ne, mu sai a kawo likkafani. Yaran yanzu ba ku da ladabin magana.

Mai Tasi: Allah ya huci zuciyarka Kawu, tsufan fili nake nufi.

Kawu: Babu wani tsufan fili. David Ortiz yana da 40 a 2016 ya buga hom-ran 38, ya shigo da mutum 127 gida (wato bugunsa ya sa abokan wasansa suka ci maki), sannan ya ajiye sanda don kansa. Albert Pujols yana da 42 ya cika hom-ran 700 a 2022. Su ba fili suke taka ba?

Malamin Lissafi: Kawu, da girmanka, mutum biyu ka kawo cikin dubbai, kuma Ortiz ba ya tsaron fili a lokacin, bugu kawai yake yi ya koma benci. Abin da ke fara tafiya shi ne saurin hannu. Mai jifa ya sako ƙwallo da gudun mil 95 a awa, ƙasa da rabin daƙiƙa ta iso. Hannu ya yi jinkiri kaɗan, sai ka fara kai sanda tun kafin ka gane irin jifar, daga nan masu lanƙwasa su yi ta yaudararka. Ku duba Abreu bara, 2023: matsakaici .237, hom-ran 18, kuma na farkon sai ƙarshen Mayu ya zo. Gangara ce ta fara tun tuni.

Ɗan Houston: Gangarar ina? Baran da kake faɗa ya shigo da mutum 90 gida. A wasannin neman kofi na Oktoba hom-ran 4 ya buga, uku a kan ƙungiyar Twins. Kowa ya san shi ba ya son sanyin farkon kaka, sai rana ta buɗe yake tashi. Mutumin da ya ci gwarzon sabbin 'yan wasa a 2014 da hom-ran 36, ya ci MVP, wato gwarzon ɗan wasan kaka, a 2020, shi ake wa wannan cin mutunci?

Na Bronx: MVP na wasa 60. Kakar korona. A daina ƙirga mana ita.

Ɗan Houston: Kowa 60 ɗin ya buga, me ya hana naku ci?

Na Bronx: Kuma wane sanyi? Filinku rufi gare shi. Ku dai ku ce kun zuba dala miliyan 58.5 na shekara uku a kan mutumin da tsohuwar ƙungiyarsa White Sox ta Chicago ta bari ya tafi. Ni ma ina shakkar 37 ɗin. Mun san shekarun ƙwallo. Miguel Tejada yana Astros ɗinku a 2008 ya amsa cewa ya girmi abin da aka sani da shekara biyu.

Anti: A'a, wannan ba daidai ba ne. Tejada ɗan Jamhuriyar Dominika ne, Abreu ɗan Kyuba. Wa ya taɓa kawo takarda a kan Abreu? Ka ji tsoron Allah, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Na Bronx: Na ce shakka, Anti, ban ce na gani ba.

Kawu: Kun gani? Daga tsoho an koma ƙara masa shekaru. Haka ake mana a wurin aiki. Furfura ta fito, sai a fara tambayarka yaushe za ka huta.

Mai Tasi: Jama'a, tambayata fa: in sake shi ko in riƙe?

Ɗan Houston: Tsaya tukuna. Na Bronx, ciwonka ba Abreu ba ne. Sau uku muka fitar da Yankees ɗinku a zagayen kusa da ƙarshe, 2017 da 2019 da 2022, na ƙarshen ma ko wasa ɗaya ba ku ci ba. Shi ke cinka.

Na Bronx: 2017 ta kwandon shara? Kyamara a bayan fili, ana leƙen alamun mai tarar ƙwallo, ana dukan kwandon shara don mai bugu ya san jifar da ke zuwa. Hukumar babbar gasa, MLB, ta ci ku tarar dala miliyan 5, aka kori koci da manaja. Wataƙila abin da Abreu ke buƙata ke nan, a nemo masa kwando.

Ɗan Houston: Abreu yana Chicago a lokacin. Meye nasa a ciki?

Na Bronx: Wanda ya shiga gidan ai ya gaji sunan gidan.

Anti: Tunda an zo maganar gaskiya da amana, har yau akwai mutum biyu a zauren nan da ba su biya kuɗin shiga gasar bana ba. Ba zan kira suna ba, amma ɗaya yana cikin masu ɗaga murya yanzu.

Na Bronx: Na ce miki ƙarshen wata, Anti.

Anti: Wane watan? Ni ban ma ce kai ba ne.

Malamin Lissafi: Bari in amsa wa Mai Tasi tunda kowa ya manta da shi. Mai shekara biyar a babbar gasa ba a tura shi ƙasa sai da yardarsa, kuma Abreu ya yarda. Wannan ya nuna shi kansa ya san akwai matsala. Jon Singleton ne ke tsaron gurbinsa na tushen farko a Astros yanzu. Mu goma sha biyu ne a gasar nan, masu tsaron wannan gurbi suna nan birjik ba mai su. In kana da gurbin ajiyar waɗanda aka tura ƙasa, jefa shi can. In babu, sake shi, ba wanda zai yi rububinsa.

Kawu: "Jefa shi." Ka ji harshe. Mutum ne fa, ba buhun gawayi ba.

Malamin Lissafi: Kawu, suna ne a waya. Albashinsa na tafiya ko Mai Tasi ya riƙe ko ya saki.

Kawu: To ni in ya sake shi zan ɗauka, don ku ga aya.

Mai Tasi: Kawu ai kai ka ce in ɗauke shi ranar zaɓe. Ka ce a rufe ido.

Kawu: Shawara na bayar, ban danna maka waya ba.

Mai Tasi: To ka ba ni wani a madadinsa mu yi musanya.

Kawu: A'a. Ka sake shi dai, na ɗauka kyauta.

Na Bronx: Allahu akbar. Ga darajar dattijo a wurin dattijo.

Ɗan Houston: Ya isa haka, a matsayina na sakataren zaure ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. Mafi yawan masu magana sun yarda Abreu bai tsufa ba, sanyin Afrilu ne da ɗan gyaran tsayuwa, kuma zai dawo da ƙarfinsa in sha Allahu. Kawu ya kawo hujjoji masu nauyi na Ortiz da Pujols, ba wanda ya iya rushe su. Malamin Lissafi ya kawo wasu lambobi. An ja kunnen wani ɗan Yankees kan ƙazafi da tono tsohon zance, kuma ana tuna masa bashin da ke kansa. Shawarar zaure ga Mai Tasi: ya riƙe.

Malamin Lissafi: Yaushe aka yi ƙuri'ar?

Mai Tasi: Na riga na sake shi tun ana maganar kwando. Kawu, yana nan, bismilla.

Kawu: Bari in ga yadda zai yi a Florida tukuna.