Neman kalma: abin da kamfanin kwal ke ajiyewa kafin haƙa, da yadda ake sakar masa

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina da rahoton da zai shiga shirin ƙarfe bakwai na yamma, kan mahaƙar kwal da aka rufe a jihar Wayomin ta Amurka, kamfanin yana neman hukuma ta sakar masa *reclamation bond*. Dokarsu ta 1977, wadda Jimmy Carter ya sa wa hannu, ta ce ba a ba kamfani izinin haƙa sai ya ajiye abin da zai isa a gyara wurin ko da ya gudu. Kalma biyu nake nema: ta abin da aka ajiye, da ta sakinsa. Edita na tsaye a kaina.

Ɗan Bukuru: Kuɗin ajiya na gyaran ƙasa. Ka wuce wurin, ɗan'uwa.

Hajiya Lauya: Ajiya ba ta yi ba. Mai ajiya ranar da ya ga dama zai zo ya karɓi abinsa, wannan kuwa kashi uku ake sakinsa. Idan an cike ramin, an daidaita ƙasa kusan yadda take a da, an gyara magudanan ruwa, ana iya sakin har kashi 60 cikin ɗari. Idan ciyawa ta kama, a ƙara sakin wani. Ragowar sai an jira shekara 5, ko 10 a inda ruwan sama bai wuce inci 26 a shekara ba, kamar mahaƙun Wayomin. Kuma sai kamfanin ya buga sanarwa a jaridar yankin mako huɗu a jere, don makwabcin da rijiyarsa ta lalace ya samu bakin magana. Ni dai jingina nake gani: ba ka karɓar gonarka sai ka sauke abin da ke kanka.

Mai Fassara: Jinginar gyaran ƙasa. Ta zauna a baki, Hajiya.

Malam Nahawu: A dakata. Kullum sai ku jero sunaye da -n da -r kamar taragon jirgi. Hausa tana da hanyarta: hana-salla, kashe-wando, tuma-ƙasa. Aikatau da suna, shi ke nan. Ku ce kuɗin rufa-rami. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Bukuru: Allah ya gafarta Malam, mai sauraro rufa-rufa zai ji, ya ɗauka cin hanci aka ba jami'i.

Hajiya Lauya: Kuma rufe ramin ai shi ne mafi sauƙi, Malam. Abin da ke riƙe kuɗin kamfanoni a jihohi irin su Bajiniya ta Yamma shi ne ruwan nan mai tsami, ja kamar tsatsa, da ke tsattsafowa shekaru bayan an rufe ramin. Kalmarka ta yanke aikin a kashi na farko.

Malam Nahawu: To hana-salla duk salla take hanawa? Suna ai ba ma'ana ba ce ta ƙamus. Matsalarku ku 'yan rediyo, kun fi son Bature ya ga fassararku ya gane kansa a ciki.

Tsohon Ɗan Jarida: Malam, kalmomi nawa kuka ƙirƙira a ɗakin taro suka mutu a cikin takardar ƙara wa juna sani? Wadda ta fita ta rediyo da safe, da yamma tana bakin mai shayi.

Malam Nahawu: Shi ya sa mai shayi ke cewa "gwamnati ta ɗauki mataki" sau goma a rana.

Ba'agadashe: Tun da ana gyara, ni kwal ɗin ma ban yarda da shi ba. Mu da muke da mahaƙar Anu Araren kusa da Cirozerin, gawayin ƙasa za ka ce kowa ya gane. Ba duk mai jin Hausa Ingila ta mulka ba.

Ɗan Bukuru: Gawayi na mai gasa masara ne, yaya. Tun zamanin mahaƙar Inugu kwal muke cewa. Amma ku bar wannan, ku zo Bukuru ku ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, cike da ruwa har yau, ba wanda ya ajiye ko kwabo don cike su. Ko da wane suna ne, da an karɓa.

Mai Fassara: Jama'a, shida saura kwata. Ga wata matsalar: sakin layi na uku yana magana kan *self-bonding*.

Hajiya Lauya: Nan jinginata ta gaza, domin ba a ajiye komai. Kamfani ne ke nuna takardun ƙarfin arzikinsa, hukuma ta yarda da bakinsa. Haka aka yi da Alpha Natural Resources: ya tsaya wa kansa a kan dala miliyan 411 a Wayomin, ya karye a 2015, Arch Coal da Peabody suka biyo baya a 2016. Ko a sauran ma, yawanci kamfanin inshora ne ke tsayawa, ba tsabar kuɗi ake kaiwa ba. Lamuni ya fi ɗaukar duka: lamunin gyaran ƙasa, na wannan kuma lamunin kai.

Tsohon Ɗan Jarida: Lamuni a kunnen ɗan kasuwa bashi ne. Zai ɗauka gwamnati ce ta ranta wa kamfanin.

Hajiya Lauya: Haka ne. Sai dai a yi bayani sau ɗaya a farko.

Malam Nahawu: Idan kun nace da jingina, aƙalla kada ku ce sakin jingina. Akuya ake saki. Jingina fansarta ake yi.

Mai Fassara: Wannan kam na karɓa, Malam. Ga abin da zan karanta: jinginar gyaran ƙasa, kamfani ya fanshi kashi na farko, inda ba a ajiye komai ba kuma in ce ya tsaya wa kansa. Lamuni na bar shi sai wani jiƙon. Kwal zan ce, da gawayin ƙasa sau ɗaya saboda mutanen Agadas.

Ba'agadashe: Sau ɗaya tak? To, mun gode da sadaka.

Malam Nahawu: Rabin gyara ne. Ni a ajina rufa-rami ce, kuma za ta fito a jarrabawa.