Me za mu kira "ice jam" da Hausa?

1/ Masu fassarar labarai, ku matso. Duk shekara kalmar ice jam tana fitowa a labaran ambaliya daga Kanada, Rasha da Alaska. In ka ce "ambaliyar ƙanƙara", mai sauraro a Kano zai ɗauka ruwan sama aka yi da ƙanƙara.

2/ Ga yadda abin yake. Kogi ya daskare da hunturu. Da ɗumi ya shigo sai samansa ya tsattsage, manyan ɓallin ƙanƙara su biyo ruwa, su maƙale a kwana ko gindin gada ko inda kogin ya tsuke. Ruwa ya rasa hanya, ya taru a baya, ya haura gaɓa. Kogunan da ke gangarawa arewa sun fi shan wannan, don mafarinsu can kudu ya narke alhali ƙarshensu a arewa na nan daskare. Haka kogin Lena ya cinye garin Lensk a Mayun 2001, har sai da jiragen yaƙin Rasha suka yi wa ƙanƙarar ruwan bama-bamai. A Afrilun 2020 ƙanƙarar da ta tare kogin Athabasca na Kanada ta kai kilomita 25, aka kwashe mutum kusan 13,000 daga garin Fort McMurray.

3/ "Cunkoson ƙanƙara" ne zai fara zuwa baki. Ban yarda da shi ba. A cunkoso ana matsawa ko da kaɗan-kaɗan, kuma bai ce komai game da ruwan da aka tare ba, wanda shi ne ke ɓarnar. "Madatsar ƙanƙara" kuwa sai a zaci hukuma ce ta gina.

4/ Ni dai na tsaya kan "datsiyar ƙanƙara". Manomin fadama ya san datsiya: an tare ruwa, ya taru, wata rana ya ɓalle.

5/ A gwada ta a aiki. A lardin Manitoba na Kanada, injinan Amphibex, masu haƙa da ke iya yawo kan ruwa, suna farfasa saman kogin Red kafin narkewa don hana datsiya. A mafarin kogin Niagara, kan iyakar Amurka da Kanada, tun 1964 ake gitta shinge mai yawo kan ruwa, yana tare ƙanƙarar tafkin Erie. Wasu wuraren yashi ko garin gawayi ake watsawa, ƙanƙarar ta yi duhu, rana ta cinye ta da wuri. Bam na ƙarshe ne, in datsiya ta riga ta kafu.

6/ Mutanen Damagaram da Maraɗi, datsiya kuke cewa ko datsi?