Neman kalma: me za mu kira “golden hour” da Hausa?

Hajara: Assalamu alaikum malamai. Ina neman agaji cikin gaggawa. Ina fassara wani darasin ɗaukar hoto da za a naɗi muryarsa gobe da safe, kuma kalma ɗaya ta gagare ni. Darasin a kan ɗaukar hoton fadar Cinderella ne da faɗuwar rana, fadar nan da ke tsakiyar wurin shaƙatawa na Magic Kingdom a jihar Filorida ta Amurka. Mai darasin sai maimaita “golden hour” yake yi, wato ɗan lokacin da rana ta yi ƙasa, haskenta ya yi laushi ya koma ja-ja. Kusan kowane sakin layi sai ta fito, don haka dogon bayani ba zai yi ba. Gajeren abu nake so, wanda mai karantawa zai furta a numfashi ɗaya.

Nura Mai Hoto: Wa alaikumus salam. La'asar sakaliya, Malama. An gama.

Hajara: Ita ta fara zo mini. Matsalar ita ce a tsakiyar darasin ya ce akwai irin wannan lokaci sau biyu a rana, ɗaya bayan hudowar rana, ɗaya kafin faɗuwarta. Ba zan ce la'asar sakaliyar safe ba.

Zainab: Goshin magariba fa? Na safen kuma ki ce sanyin hantsi.

Nura Mai Hoto: Hantsi ya yi nisa, Anti Zainab. Kafin hantsi rana ta riga ta ɗaga, hasken ya yi fari, inuwa ta gajarta. Abin da muke nema ya wuce tun tuni.

Malam Bello: Ban ga abin wahala a nan ba. SA'AR ZINARE. Na daɗe ina amfani da ita da ɗalibaina kuma ba wanda ya taɓa ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Ta ɗauki safe, ta ɗauki yamma, tana da daɗin ji, tana kuma nuna darajar lokacin. Hajara, rubuta ki huta.

Nura Mai Hoto: Malam, da girmanka, akwai gyara. Na farko, ba awa ɗaya ba ce. Masu hoto suna ƙirga ta ne daga lokacin da rana ta sauko zuwa kamar digiri 6 a saman sararin ƙasa har ta faɗi. A Filorida wannan bai fi kusan rabin awa ba, a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya ya fi haka gajarta, a can arewacin Turai kuwa da bazararsu yana iya wuce awa ɗaya nesa. Wanda ya ji “sa'a” zai ɗauka yana da minti 60, ya tsaya yana gyaran kyamara har hasken ya tafi. Na biyu, a fentin da aka sake wa fadar nan a 2020, an yi wa samanta ruwan hoda, rufin hasumiyoyi shuɗi, aka bi gefuna da ruwan zinare. In mai karatu ya ce “a sa'ar zinare zinaren fadar yana ƙyalli”, mai sauraro zai rasa wanne ake nufi.

Zainab: Ni da na fara karantawa ma sa'a ta dace na ɗauka, irin ta “Allah ya ba da sa'a”. Sa'ar zinare, wato mutum ya tsinci zinare.

Malam Bello: Mahallin magana shi ke fayyace ma'ana, wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani. Su Turawan da suka ce awa ba su san ba ta cika awa ba ne? Sun sani, suka bar ta, duniya ta karɓa. Sai mu ne za mu tsaya da agogo a hannu.

Sadik: Gaskiya mu dai a wajen aiki “goldin awa” muke cewa kuma kowa na ganewa. A rubuta ta da harufan Hausa kamar yadda aka yi wa kyamara da bidiyo.

Malam Bello: To ga irinta nan. Wannan Ingausar ita ke kashe mana harshe da ranmu. Kyamara baƙuwa ce, ba mu da ita, muka ara. Rana fa? Ita ma daga Amurka aka kawo mana ita? Yaro ya riƙe kyamara shekara biyu sai ya fara koya wa mutane magana. Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu a nazarin harshen nan ba a tambaye mu ba, sai mai studiyo.

Sadik: Malam ban zage ka ba. Abin da ake faɗa na faɗa. Kuma “sa'ar zinare” ɗin ma Turanci ce, an dai ɗora mata hula.

Malam Bello: Fassarar aro hanya ce da masana suka yarda da ita. Ka je ka karanta.

Zainab: Sa'a ma ai Larabci ce, la'asar ma haka. In tsarki ake nema duk sai mu yi shiru.

Malam Bello: Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakin kakanninmu ba ɗaya yake da wanda aka kwaso jiya a YouTube ba.

Hajara: Don Allah a yi haƙuri da juna. Dare na yi, ni kuma ban matsa daga shafin da nake ba. Bari in kawo muku jimlar yadda na fahimce ta, ku ga inda kalmar za ta zauna. Yana cewa titin da ya nufi fadar, Main Street, daga kudu ya miƙe zuwa arewa, don haka wanda ya fuskanci fadar da yamma rana tana hagunsa. Hasken yana shafar ginin ta gefe, ɓangaren yamma na kowace hasumiya ya ɗauki launi, na gabas ya shiga inuwa, shi ya sa ginin ke fitowa da kauri maimakon ya baje. Sai ya ce kada a dogara da agogo, domin a can rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5:30 a Disamba, a Yuni kuwa sai bayan 8:00 na dare. A dubi bango kawai, in launinsa ya juya, lokaci ya yi.

Baba Ilu: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba, amma wannan jimla ta ƙarshe ta taɓa ni. 'Yata, abin da kike nema yana cikin karatun da aka yi mana a zaure. Da ake biya mana lokutan salla, ana cewa zaɓaɓɓen lokacin la'asar yana nan har rana ta yi fatsi-fatsi. Larabcinsa isfirari. Kuma malamanmu na Malikiyya sun yi sharhi cewa ba ƙwayar rana ake duba ba, haskenta ake duba a ƙasa da jikin bango. To ashe abin da mai darasinki ya ce ke nan, a dubi bango. Ki ce FATSI-FATSIN RANA. Ba awa a ciki, ba zinare, kuma ba a ɗaure ta da yamma ba, don da safe ma in ta hudo haka take yi kafin ta ɗaga.

Nura Mai Hoto: Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi wannan ta zauna. Har dalilin abin ta kama. In rana ta yi ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai yawa kafin ya iso mu, shuɗin da ke cikinsa ya watse a hanya, ja da rawaya su iso. A ma'aunin launin haske na kyamara, tsakar rana tana wajen 5500, wannan lokacin kuwa ta sauko wajen 3500. Malama Hajara, in darasin bai faɗa ba, ki san cewa kyamarar da aka bari ta daidaita launi da kanta takan wanke wannan fatsi-fatsin, hoton ya fito fari sol kamar na azahar.

Hajara: Ya faɗa, Malam Nura, a gaba kaɗan. Bari in gwada: “Ka isa gaban fadar kafin fatsi-fatsin rana, ka zaɓi wurin tsayuwa tun jama'a ba su cika ba.” Ta shiga baki lafiya.

Malam Bello: Baba, ranka ya daɗe, ba na jayayya da karatunka. Amma fatsi-fatsi kalmar kashedi ce. Duk wanda ya ji ta, abin da ke zuwa masa shi ne ya makara, lokaci na ƙurewa. Tana kuma da ƙanshin koɗewa. Shi kuwa mai darasin yabon lokacin yake yi, yana cewa shi ne mafi kyawun haske a yini. Ginin da aka buɗe tun 1971, aka tsayar da tsawonsa a ƙafa 189 da gangan don kada ya kai 200 a tilasta musu ɗora jar fitilar gargaɗin jiragen sama a kansa, aka ƙanƙanta tagogin sama don ido ya ga ya fi haka tsawo, duk don kyan gani, shi za a ce a ɗauka a fatsi-fatsi? Ina darajar take?

Baba Ilu: Malam Bello, kashedin ma ai yana da amfani ga mai hoto. Nura ya ce rabin awa ce. Wanda ya ji a jikinsa lokaci na ƙurewa shi zai samu hoton.

Zainab: Amma Malam Bello na da gaskiya ta wani gefe. A kan take ko talla, fatsi-fatsi ba ta jan hankali.

Sadik: Kuma matasan da za su saurara, in sun je neman ƙarin bayani a intanet, da fatsi-fatsi za su nema? A bar musu ta Turancin ko sau ɗaya ne.

Hajara: To ga abin da zan yi, don lokaci ya tafi. A farkon fitowarta mai karatu zai ce: “fatsi-fatsin rana, wato ɗan lokacin nan bayan hudowa ko gab da faɗuwa, wanda masu hoto ke kira goldin awa.” Daga nan har ƙarshe fatsi-fatsin rana kawai. Inda yake yabon hasken kansa zan ce “haske mai ruwan zinare”, in dai ba a jimlar da ke maganar fentin fadar ba.

Malam Bello: Wato an ɗauki zinarena an bar sa'ata. Shi ke nan, aikinki ne. Ni dai a ajina sa'ar zinare zan ci gaba da cewa, kuma za mu ga wadda za ta rayu. Goldin awar nan kuwa ban yarda da ita ba ko sau ɗaya.

Hajara: Na gode Malam, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Sai dai yanzu na juya shafi na tarar da wata. Bayan rana ta faɗi, sama ta yi shuɗi sosai, an kunna fitilun fadar, hasken sama da na fitilu sun yi daidai na 'yan mintuna. Wannan ya kira shi “blue hour”.

Zainab: Almuru.

Baba Ilu: Ko shafaƙi, amma shi ja ne, ba shuɗi ba.

Malam Bello: Shuɗiyar sa'a.

Nura Mai Hoto: Malam, don Allah. Malama Hajara, sa almuru yanzu a naɗa, gobe a dawo kanta.