Neman shawara: taswirar ɗalibaina ta ƙi haɗuwa

Malamar Bayoloji: Assalamu alaikum malamai, don Allah ku taimaka, kaina ya ɗaure. Ina koyar da 'yan SS2. Na raba su rukuni-rukuni, na ba su furojet kan zazzaɓin cizon sauro. Sun zaga unguwa, sun leƙa kwatoci da tsofaffin tayoyin da ruwa ke kwanciya, wasu har tsutsar sauro suka kawo a roba. Kwalin da za su yi zane a kai ma da kuɗina na saya, ga albashi bai shigo ba, ga masu duba aiki na tafe. Da na ce su zana taswirar ma'anoni, wato zanen da ake haɗa kalmomi da kibiyoyi a rubuta alaƙarsu a kan kowace kibiya, kowane rukuni sai ya rubuta "maleriya" a tsakiya, ya kewaye ta da sauro, asibiti, zazzaɓi, kibiyoyi babu ko kalma a kansu. Kullum ina tambayarsu, shiru. Ya zan yi?

Tsohon Hedimasta: Wa'alaikumus salam. 'Yata, wace irin tambaya kike yi? In "mene ne maleriya" ce, jerin sunaye za ki samu. Joseph Novak da ya ƙirƙiro taswirar nan a jami'ar Cornell a 1972, kalmar kan kibiya ce jigon aikinsa. Ki rubuta tambaya ɗaya a allo: me ya sa zazzaɓin ke ƙaruwa da damina? Sannan ki ɗora yatsa kan kibiyar da ke tsakanin kwata da sauro, ki ce "me kwata take yi wa sauro?" Amsarsu ita za su rubuta a wurin.

Malamin Kimiyya: Mu da yara suka fi tamanin a aji, wasu a ƙasa suke zaune, ina muka ga lokacin bin kibiya? Malama, ki zana musu taki su kwafa. WAEC ba ta tambayar furojet.

Malamar Bayoloji: Baba, ai ina yin tambayoyin, su ne ba sa amsawa. Turancin ne ke ba su wahala.

Tsohon Hedimasta: To ki tambaye su da Hausa mana. Kuma na san halinku, kafin yaro ya buɗe baki kun ba da amsar da kanku. Ki ƙirga uku a zuci tukuna. Kwafa kuwa kashe yara ne. Wanda ya kwafa ba zai iya haɗa macen sauro da hanta da jajayen ƙwayoyin jini ba.

Uwar Biyu: Ni dai an taɓa ba ni takardar gargaɗi saboda na yi Hausa a aji. Har yau abin na ci min rai. Ki yi hattara.

Malamar Bayoloji: Na gode, amma ni ba na katse su, Allah ya sani. Kuma in na canza tambayar yanzu, kwalayen da suka riga suka zana fa? Wa zai sayi wasu?

Malamin Kimiyya: Wai ku an biya ku na watan jiya?