Ƙashin ƙugu ko na masana'anta: wanne jiki ya fi karɓa?

Yayan Mara Lafiya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya karye a ƙwauri sakamakon haɗarin babur, kuma har yanzu ƙashin bai haɗe ba, domin wani yanki ya farfashe an cire shi. Likita ya ce za a cike gurbin, ko dai da ƙashin da za a ɗebo daga ƙugunsa, ko da wani gari da ake sarrafawa a masana'anta. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda abin da ba shi da rai zai zama ƙashi a jikin mutum.

Ma'aikacin Ɗakin Tiyata: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Garin ba ya rikiɗa ya zama ƙashi. Aikinsa irin na sandar da ake kafa wa doya ne, wato ya ba ƙwayoyin halittar jiki abin da za su kama su hau. Da zarar an zuba shi, jini ne ke fara jiƙa shi, furotin ya manne a samansa, sannan ƙwayoyin garkuwar jiki su iso. Idan kumburin ya lafa da wuri, ƙananan jijiyoyin jini sukan kutsa cikin ramukan garin, ƙwayoyi daga ɓargo su biyo su, su zama masu gina ƙashi, yayin da wasu ƙwayoyin ke cinye garin sannu a hankali. Shi ya sa girman ramukan ke da muhimmanci ƙwarai: ana so su kai kashi ɗaya cikin goma na milimita aƙalla, waɗanda suka haura kashi uku cikin goma kuwa sun fi ba jijiyoyi hanya. Inda jini bai kai ba, ƙwayoyin mutuwa suke yi, sai a tarar da tsoka mai tauri ta naɗe garin maimakon ƙashi.

Ɗalibar Likitanci: Ina so in ƙara da cewa garin ma iri-iri ne. Haidiroksi-afatait, wanda ya yi kama da ma'adinin ƙashinmu, yakan daɗe shekaru bai narke ba, shi kuwa tirai-kalsiyam fosfet ya fi shi saurin narkewa, har wani lokaci ya narke kafin sabon ƙashin ya fito. Dukansu matattakala ce kawai, irin sandar doyar nan, ba sa umartar ƙwayoyi su yi gini. A 1965 likitan ƙashi Marshall Urist na Amurka ya nuna cewa ƙashin da aka cire wa ma'adini, idan aka dasa shi cikin tsokar dabba, sabon ƙashi yana fitowa a wurin, kuma daga nan aka gano furotin ɗin BMP, mai umartar ƙwayoyi su gina ƙashi, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'insa a 2002. Ƙashin ƙugu ya haɗa ukun: matattakala, furotin mai ba da umarni, da ƙwayoyi masu rai. Don haka har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Ma'aikacin Ɗakin Tiyata: Gaskiya ne, sai dai kada mu manta da cewa ɗebo shi rauni ne na biyu. Na sha ganin mara lafiya washegarin aiki yana dafe da ƙugu, yana cewa can ya fi ƙafar zafi, ga shi abin da ake iya ɗebowa yana da iyaka. Saboda haka likitoci kan gauraya na ƙugun da na masana'anta idan gurbin yana da faɗi. A ganina, ga karayar da ta ƙi haɗewa, na ƙugun ya fi dacewa, matuƙar an tabbatar babu mugunya a wurin kuma ƙarfen da ake ɗaure karayar da shi ya riƙe ƙashin ba ya motsi. Malam, ƙanen naka yana shan taba, ko yana da ciwon suga? Dukansu suna rage jinin da ke isa wurin.

Yayan Mara Lafiya: Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Ba shi da suga, amma yana shan taba. Zan sanar da likitan ranar Litinin, in kuma tambaye shi faɗin gurbin.