Farfesan hanta da ke Amurka: namu ne ko ba namu ba?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'ar zango. Yau kwana arba'in da rasuwar yayana, shekararsa 43, dajin hanta. Ni na yi jinyarsa. Ciki ya kumbura har riga ba ta rufe shi, idanu sun yi rawaya kamar an shafa gangamau, cokali biyu na koko ya gagare shi. Daga ranar da aka yi masa hoto aka ce ƙari ne zuwa ranar da muka kai shi makwancinsa, wata biyu ne da 'yan kwanaki. Tun lokacin barci ya ƙaurace mini, sai karatu a waya. A nan na ci karo da sunan Farfesa Lewis Roberts. A makarantar likitanci ta Jami'ar Ghana ya yi karatu, yanzu yana asibitin Mayo Clinic a jihar Minnesota ta Amurka, rubuce-rubucensa kan hanta da dajinta sun kai ɗaruruwa. Shi da abokan aikinsa suka fitar da bincike a 2017 kan marasa lafiya 2,566 a ƙasashen Afirka tara. In ka cire Masar, rabin waɗanda aka gano musu cutar ba su haura shekara 46 ba, rabi kuma ba su wuce wata biyu da rabi a raye ba. Wallahi da na karanta sai na ga yayana a cikin lissafin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mun haddace sunan kowane ɗan ƙwallo, amma wannan mutumin namu ba wanda ya taɓa ambatonsa a nan. Ina mai cewa babu ɗan ƙasar nan da ya yi wa masu ciwon hanta aikin da ya yi.

Alhaji Mai Goro: Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya ba ku haƙuri. Amma ɗana, ka ce "namu". Namu su wa? Mu nan zango ko wa?

Ɗan Aboabo: Amin Baba. Namu 'yan Ghana mana.

Alhaji Mai Goro: To ka faɗa haka. Ni a wurina namu shi ne wanda in ka buga masa waya da tsakar dare zai zo. Wanda yake Amurka, komai iliminsa, na mutanen Amurka ne. Su yake dubawa kullum safiya.

Ɗan Nima: Gaskiya Alhaji ya faɗa, sai dai in ma za a ce na wasu ne, to namu ne mu mutanen Akra. A Korle Bu, a nan Akra, makarantar take. Ku Kumasi me ya haɗa ku da shi?

Tica: Ikon Allah. Mutum ya zo da hawayensa, kai ka zo da rabon gado. Kumasi ba ta da makarantar likitoci ne? Su waye suke asibitin Komfo Anokye suna karɓar marasa lafiya tun daga arewa?

Ɗan Nima: Ban ce ba ku da ita ba, Malam. Na ce ba ku kuka yaye wannan ba. Kome kuka gani sai ku ce naku ne, haka kuke yi har a ƙwallo.

Tica: Bar ƙungiyar ƙwallon Kotoko a inda take, ba da ita ake ba.

Baƙon Kano: Ku yi haƙuri in sa baki, ni baƙo ne a kasuwar Kejetia amma na buɗe takardar. Asibitocin da suka ba da bayanai 21 ne, tara daga ciki na Najeriya, huɗu na Ghana. To in ana rabon "namu", mu ma a ajiye mana kasonmu. Sannan sunan da ke farko ba nasa ba ne, wani ne Yang. Nasa can ƙarshen jerin yake. Ta yaya na ƙarshe zai zama mai aikin?

Tica: A nan ka yi kuskure ɗan'uwa. A rubutun likitoci, na farko yawanci shi ne ya yi wahalar tattarawa da rubutawa, na ƙarshe kuma shi ne babban da ya jagoranta. Kamar ayari ne, madugu ba lallai ya kasance a gaban jaki na farko ba. Kuma tunda ka buɗe, ka duba da kyau: marasa lafiyan Ghana 491 ne, na Najeriya 363. Asibiti huɗu sun fi tara kawo mutane.

Baƙon Kano: Yanzu yawan masu cuta ne abin alfahari? To mun bar muku.

Tica: Ba alfahari ba ne, gyara ne. Kai ka fara ƙirga.

Alhaji Mai Goro: Ni har yanzu ba a ba ni amsa ba. Takarda ɗari, takarda dubu, wa ta warkar a Sabon Zango? Na binne abokan ciniki uku da wannan ciwon. Ba wanda aka ce masa ga takardar farfesa ka jiƙa ka sha.

Anti Nas: Baba, da girmanka, bari in ce wani abu, don ni nake tsaye a kan gadon irin waɗannan. Allurar da ake yi wa jikokinka a wurin awo, a sati 6 da 10 da 14, akwai rigakafin ciwon hanta nau'in B a cikinta, tun 2002 Ghana ta sa shi. Daga takarda ta fito. Wani Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar ƙwayar cutar B a jini, aka ba shi kyautar Nobel a 1976, bai taɓa zuwa ya duba kowa a unguwar Asawase ba. Shi ma za ka ce ba ruwanmu da shi? Ƙwayar nan galibi tun mutum yana jariri ko yana ƙaramin yaro take shiga, ta yi shiru shekara talatin, arba'in, tana cin hanta ba zazzaɓi ba ciwon kai. Shi ya sa suke zuwa mana a makare. Mai ɗauke da ita akwai maganin da ke danne ta, irin su tenofovir, kuma ana so ya riƙa zuwa hoto duk wata shida. Ɗan Aboabo, kai da sauran 'yan ɗakinku da matar marigayi da yaransa, kun yi gwajin jini?

Ɗan Aboabo: Ba mu yi ba Anti.

Anti Nas: To ku je satin nan, kada ku ce sai an gama zaman makoki. Ku kuma kula da abin da ake ci. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna da guba, aflatoksin, in ta haɗu da ƙwayar B haɗarin dajin yana ninkuwa.

Hajiya Mai Ƙuli: A'a, dakata 'yar nan. Me ya kawo gyaɗa cikin maganar farfesa? Shekara ashirin da biyar ina tuyar ƙuli da tunkuza a Aboabo, da shi na aurar da 'ya'ya huɗu. Yanzu a gaban mutum ɗari biyu za ki ce guba nake sayarwa?

Anti Nas: Hajiya ban kama sunanki ba. Na ce wadda ta yi fumfuna.

Hajiya Mai Ƙuli: Ni kaɗai ce mai ƙuli a zauren nan, wa kike nufi in ba ni ba? Da hannuna nake tsince gyaɗata a faifai, ɗaya bayan ɗaya, duk baƙa da motsattsiya da mai ɗaci kaji nake watsa wa. Ki zo gobe da asuba ki gani. Kakanninmu da ƙuli suka tsufa.

Ɗan Nima: Mu dai a Nima ba mu taɓa jin ƙuli ya kashe kowa ba. Giya ce ke kashe hanta, kowa ya sani.

Ɗan Aboabo: Kai ɗan'uwa ka iya bakinka. Yayana bai taɓa kai kwalba bakinsa ba, sahun farko yake sallah. Irin wannan maganar ce ta sa ya ɓoye ciwonsa wata da watanni yana shan jiƙe-jiƙen shawara, don kada a ce mashayi ne.

Ɗan Nima: Ban ce shi ba, Allah ya ba ka haƙuri.

Alhaji Mai Goro: Kun gani ko? Da farfesan yana nan ai da shi zai raba wannan gardamar. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Tica: Da yana nan, Alhaji, da ɗakin bincike da kuɗin da zai haɗa asibitoci 21 fa? Wa zai ba shi?

Alhaji Mai Goro: Waɗanda suka zauna su wa ya ba su? Ba su da baki ne ko ba su da iyali?

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, an kusa kiran isha'i. Ga abin da na fahimta. Kowa ya yarda farfesan mai ilimi ne, amma mafi yawa sun goyi bayan Alhaji cewa namu shi ne wanda ya zauna da mu, kuma likitocin Kumasi da suke kwana a kan marasa lafiyarmu su suka fi cancantar yabo. Maganar mutanen Akra ba ta da tushe. Ƙulin Hajiya kuwa lafiyarsa ƙalau, a gidana ma shi ake ci. Allah ya jiƙan mamaci. An rufe.

Tica: Shugaba, wane mafi yawa? Na ƙirga, Alhaji ne da ɗan Nima kawai, shi ma rabi ya yarda. Don Alhaji surukinka ne ba za ka mayar da biyu goma ba.

Hajiya Mai Ƙuli: Ni dai ina jiran 'yar nan ta janye maganarta.

Ɗan Aboabo: Anti Nas, gwajin nan sai mutum bai ci komai ba ake zuwa, ko ko da rana ma ana yi? Yaran marigayi uku ne, ƙaramin bai cika shekara biyar ba.